Daga Jujin Rasha Zuwa Kaskon Bayan Ɗaki: Tarihin Wiwi Mai Fure da Kansa



Kwanakin baya wani magidanci ya zo tagar ɗakin magani karɓar maganin ɗansa, yaro ɗan shekara bakwai mai fama da farfaɗiya. Na ƙirga masa ƙwayoyin, na maimaita masa ƙa'idar sha, amma bai tafi ba. Ya koma gefe har layi ya ragu, sannan ya dawo ya miƙo mini wayarsa. Hoton wani ɗan gajeren tsiro ne a cikin baƙin kasko, ga tallar irinsa a ƙasa daga wani kanti na ƙasar waje. Ya sassauta murya ya ce, "Likita (haka ake kiran duk mai farar riga a asibiti), na ji an ce man wannan yana tsayar da ciwon. Wai wane irin kasko ya fi dacewa da shi? Kuma da gaske ne ba ya son dashe?"

Mutumin nan ba mashayi ba ne. Uba ne da ya shekara uku yana tashi tsakar dare ya riƙe kan ɗansa. Ban gaya masa wane kasko ba, kai ma mai karatu ba zan gaya maka ba. Sai dai tambayar tasa tana da tarihi mai tsawo a bayanta, kuma a ganina wanda ya san tarihin zai gane da kansa abin da ya sa amsar ba ta cikin kaskon.

Bari mu fara daga gona, inda kowa ya san hanya. Manomi ya san bambancin gero da maiwa. Gero yana da nasa lissafin: ka shuka shi da ruwan fari, cikin wata uku ya kai, ko damina tana tsaka. Maiwa kuwa, da dawar gida irin su ƙaura da farafara, ba sa gaggawa. Ka shuka da wuri, ka shuka a makare, ba za su fid da kai ba sai damina ta doshi ƙarewa, lokacin da dare ya fara tsawo. Kakanninmu sun san haka tun ba a rubuta ba. Masana kimiyya sun zo daga baya: a 1912 wani Bafaranshe, Julien Tournois, ya lura cewa idan aka rage wa tsiro awannin haske yakan yi fure da wuri, kuma ɗaya daga cikin tsirran da ya gwada shi ne wiwi. A 1920 Garner da Allard, ma'aikatan sashen noma na Amurka, suka tabbatar da wannan ƙa'ida da taba da waken suya. Wiwin da duniya ta saba da shi ɗan gidan maiwa ne, yana sauraron dare. Muddin rana tana da tsawo zai yi ta tofo da reshe, sai duhu ya ƙaru sannan ya yi fure.

To amma akwai wani ɗan'uwansa da ya tashi a inda jiran dare halaka ne. A 1924 wani masanin tsirrai ɗan Rasha, Janischewsky, ya bayyana wani wiwi na daji da ya tarar a yankin kogin Bolga, wajen birnin Saratof. Gajere ne, ba shi da yawan reshe, yana fitowa a bakin hanya da kan juji da kangon gidaje. Ya raɗa masa suna ruderalis, daga kalmar Latin mai nufin ɓaraguzan gini. A wannan yanki ranar bazara takan wuce awa 16, kafin kuma dare ya yi tsawon da zai sa tsiro fure, sanyi mai daskarar da ganye ya kusa sauka. Duk tsiron da ya tsaya jira, zai mutu bai bar iri ba. Waɗanda suka rayu su ne masu ƙirga kwanakinsu, su yi fure bayan mako uku ko huɗu da tsirowa, ko rana doguwa ce ko gajeriya. Gero ke nan a cikin dangin maiwa. Kafin shi, Linnaeus ya sa wa wiwin Turai suna sativa a 1753, Lamarck kuma ya sa wa na Indiya indica a 1785, kuma har yau masana suna gardama ko ukun nan jinsi guda ne mai fuska uku.

Shekara kusan saba'in babu wanda ya damu da wannan ɗan juji. Ba shi da tsawon da za a yi igiya da shi, kuma sinadarin da ke bugarwa kaɗan ne a jikinsa. Mu bar shi a bakin hanyarsa tukuna, mu leƙa ɗakin magani, domin a nan ne labarin ya fi shafarmu.

Mutane da yawa ba su san cewa wiwi ya taɓa zama a kan kantar masu sana'ata da lasisi da lakabi ba. Wani likita ɗan Ayalan, William O'Shaughnessy, da ke aiki a Kalkata, ya ga yadda masu maganin gargajiya na Indiya ke amfani da shi. Ya gwada a kan dabbobi, sannan a kan masu sanyin ƙashi da kwalara da sarƙewar haƙora da haukan kare, har da wata jaririya mai jijjiga, ya fitar da sakamakonsa a 1839. Bai warkar da haukan kare ba, amma ya ga jijiyoyi sun saki, ciwo ya lafa. Da ya koma Ingila da guzurin ganyen, wani mai harhaɗa magunguna a Landan, Peter Squire, ya tace shi ya mai da shi ruwan magani. A 1850 aka shigar da wiwi kundin magunguna na Amurka. Likitoci suka riƙa rubuta shi ga masu ciwon ɓarin kai, da ciwon mara na al'ada, da rashin barci. A 1890 Russell Reynolds, likitan fadar Sarauniya Biktoriya, ya yabe shi a mujallar Lancet bayan ya shafe fiye da shekara talatin yana ba da shi.

Me ya fitar da shi daga kanta? Za ka ce doka. Doka ta zo, amma ta tarar da shi ya riga ya fara faɗuwa, kuma dalilin faɗuwar shi ne abin da nake so ka riƙe. Ba a iya auna shi. Kwalba biyu daga kamfani ɗaya, ɗaya ta kwantar da majinyaci kwana guda yana sambatu, ɗaya kuma kamar ya sha ruwan randa. Ƙarfin ganyen ya danganta da ƙasar da ya fito, da lokacin girbi, da tsawon zamansa a jirgin ruwa, da zafin ɗakin ajiya. Ba a san sinadarin da ke aikin ba, balle a auna shi. Abin da kamfanoni suka iya yi shi ne su ɗura wa kare, su tsaya suna kallon yadda yake tangaɗi, da haka su kimanta ƙarfin kowane kaso. Shi kansa Reynolds ya gargaɗi abokan aikinsa game da wannan rashin tabbas, ya ce a fara da kaɗan. Ana cikin haka allurar sirinji ta bazu, ga mofin yana narkewa a ruwa ana yin allurarsa, wiwi kuwa ba ya narkewa. A 1899 asfirin ya shigo kasuwa, ƙwaya ɗaya daidai da 'yar'uwarta. Likitan da ke da zaɓi tsakanin abin da ya san awonsa da abin da sai an tambayi kare, ka san wanda zai ɗauka. Birtaniya ta cire wiwi daga kundinta a 1932, Amurka a 1942.

Ta fuskar doka, taron Jeneba na 1925 ne ya fara sa wiwi cikin yarjejeniyar ƙasa da ƙasa, bisa matsin wakilin Masar, ƙasar da ta daɗe tana kuka da hashish. Malaman can ma sun rigaya: tun ƙarni na 13 Ibn al-Baitar, masanin tsirran magani, ya rubuta cewa ya ga yana gusar da hankalin masu yawan cinsa a Masar, Ibn Taimiyya kuma ya yi fatawar haramcinsa. Amurka ta kafa nata takunkumin a 1937, sai yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1961 ta jera shi a sahu mafi tsanani.

A Najeriya dokar miyagun ƙwayoyi ta zamanin Turawa, ta 1935, ta riga ta ambace shi, amma yaɗuwarsa ta zo ne bayan Yaƙin Duniya na Biyu, abin da ake dangantawa da sojoji da ma'aikatan jiragen ruwa da suka dawo daga Indiya da Bama. A 1964 lamarin ya kai ga Tolani Asuni, likitan ƙwaƙwalwa na asibitin Aro da ke Abeokuta, ya yi rubutu a kan matasan da ake kawo masa. A 1966 gwamnatin soja ta fitar da dokar da ta tanadi kisa ko ɗaurin shekara 21 ga mai noma shi. An sassauta ta a 1975, aka kafa hukumar NDLEA a 1989, kuma har gobe shuka shi laifi ne da hukuncinsa ke iya kaiwa ɗaurin rai da rai. Doka ba ta ware ɗan kasko ɗaya a bayan ɗaki ba, ba ta kuma tambayar niyya. Duk da haka binciken da aka yi da haɗin gwiwar ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya kiyasta masu shan wiwi a ƙasar nan da mutum miliyan 10.6.

Haramcin nan ne ya kai wiwi cikin kasko. A shekarun 1970, da Amurka ta matsa wa iyakarta da Meziko, aka kuma riƙa fesa wa gonakin can guba daga jirgin sama, mashayan Amurka suka koma noma da kansu. Da jirage masu saukar ungulu suka fara shawagi a kan gonakinsu, sai suka shige ɗaki da fitilu. A Holan, inda aka sassauta tun 1976, kantunan sayar da iri suka buɗe a shekarun 1980. Manomin ɓoye yana da buƙatun da manomin fili bai sani ba: tsiro gajere da ba zai leƙo ta katanga ba, mai saurin kai kafin maƙwabci ya ji wari, wanda ba sai an yi ta kashe masa fitila ana kunnawa don a yaudare shi cewa kaka ta yi ba. Sai aka tuna da ɗan jujin Rasha. Aka yi ta barbararsa da iri masu ƙarfi, ana neman agogonsa ba tare da rauninsa ba. A farkon shekarun 2000 wani iri mai suna Lowryder ya fito daga hannun wani mai barbarar iri ɗan Kanada. Tsawonsa bai wuce gwiwa ba, mashaya suka yi ta yi masa dariya saboda rashin ƙarfi. Cikin shekara goma zuwa sha biyar dariyar ta ƙare, domin jikokinsa sun kamo sauran a bugarwa. Da Urugwai ta halatta shuka tsiro shida a gida a 2013, Kanada huɗu a 2018, Jamus uku a 2024, sai kasuwar irin ta fito fili, tallarta ta cika intanet har ta iso wayar bawan Allahn nan da ke tsaye a tagata.

Yanzu ga maganar kasko da dashe. Duk wanda ya taɓa dashen albasa ko barkono ya san cewa tsiro yakan yi yaushi kwana biyu uku, saiwarsa ta ji ciwo, kafin ya kama ƙasa. Maiwa tana jure dashe domin tana da lokaci, za ta farfaɗo ta rama kafin dare ya kira ta. Mai ƙirga kwanakinsa ba shi da wannan sararin. Dukkan rayuwarsa wata biyu da rabi ce zuwa uku, agogon kuma ba ya tsayawa don saiwa ta warke. Shi ya sa masu noma shi a ƙasashen da aka halatta ba su da hirar da ta wuce ta girman kasko, da irin kayan da aka yi shi, da ko a dasa ko kada a dasa. Kowa da mazhabarsa, kuma har yau ba su daidaita ba.

Ni kuwa da na karanta gardamar tasu, kunnen mai harhaɗa magani ne ya ji ta. Abin da suke faɗa ba su sani ba shi ne: iri ɗaya daga leda ɗaya, a kasko biyu, ba zai ba da abu ɗaya ba. Kwana uku na yaushi suna canza abin da tsiron zai tara. Haske yana canza shi, zafi yana canza shi, ranar girbi tana canza shi, furen sama ma ya bambanta da na ƙasa a jikin tsiro guda. Cutar da ta kori wiwi daga kantarmu a zamanin Reynolds ke nan, ta dawo a cikin baƙin kasko. Kuma wannan uba ba shi da ko karen gwaji. Ɗansa ne zai zama ma'aunin.

Akwai ƙari. Wiwi tsiro ne mai zuƙar dalma da sauran ƙarafa masu guba daga ƙasa, har an taɓa shuka shi kusa da Canobil don ya tsotse dattin da ke cikinta. Furensa idan bai bushe da kyau ba yakan yi fumfuna, irin wadda ke kama huhun mai raunin garkuwar jiki, kamar mai shan maganin kansa ko mai ɗauke da ƙanjamau.

Sa'an nan irin da ake tallatawa ba don majinyata aka ƙirƙire shi ba. A 1964 Raphael Mechoulam da Yechiel Gaoni suka ware THC, sinadarin da ke bugarwa, shekara guda bayan an gano fasalin ɗan'uwansa CBD, wanda ba ya bugarwa. Shekara hamsin masu barbarar iri suna bin THC domin shi ne kuɗi. A wiwin da hukumomin Amurka suka kama, THC ya tashi daga kusan kashi 4 cikin 100 a 1995 zuwa kusan kashi 12 a 2014, CBD kuma ya yi ƙasa. Illar wannan ga ƙwaƙwalwa ba jita-jita ba ce. Binciken da aka yi a Suwidin kan matasa fiye da 45,000 da aka ɗauka aikin soja, wanda ya fito a 1987, ya nuna cewa waɗanda suka sha fiye da sau hamsin sun ninka sauran kusan sau shida wajen kamuwa da taɓin hankali mai tsanani. Wani na 2019 da ya haɗa birane da dama na Turai ya sami ninki uku ga mai sha kullum, da kusan biyar ga mai shan mai ƙarfin kullum. Ƙwaƙwalwar yaro, wadda ba ta gama ginuwa ba, ita ta fi kowace rauni a gaban wannan sinadari.

Kada ka ɗauka ina cewa abin da magidancin nan ya ji ƙarya ce tsagwaronta. Da ƙarya ce da ta fi sauƙin kashewa. A 1980 Mechoulam da abokan aikinsa na Barazil suka gwada CBD a kan 'yan tsirarun masu farfaɗiya, aka ga alamar nasara, duniya ta yi biris da su fiye da shekara talatin, abin da nake ganin sakaci ne da tsoron sunan wiwi ya jawo. A 2017 aka fitar da sakamakon gwaji kan yara 120 masu wata farfaɗiya mai wuyar sha'ani da ake kira Dravet: jijjigar waɗanda aka ba CBD ta sauko daga kusan 12 a wata zuwa kusan 6, ta waɗanda aka ba maganin bogi kuwa da ƙyar ta motsa daga kusan 15 zuwa 14. A watan Yuni na 2018 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi da sunan Epidiolex. A Disambar 2020 kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya ya cire wiwi daga sahun nan mafi tsanani da ƙuri'a 27 a kan 25, Najeriya tana cikin masu cewa a'a.

Amma dubi mene ne Epidiolex. Tataccen CBD ne, miligiram 100 a kowace mililita, kwalbar bana daidai da ta baɗi. Ana auna shi da nauyin yaro. Ana gwada jinin hanta kafin a fara da bayan an fara, musamman ga mai shan balfurowet, domin haɗuwarsu tana taɓa hanta. Yana ƙara ƙarfin kulobazam har yaro ya yi ta gyangyaɗi, yana kuma rikita awon wafarin ga manya masu shan maganin tsinka jini. Gudawa da rashin cin abinci suna cikin illolinsa. An amince da shi ne ga wasu nau'o'in farfaɗiya ƙalilan da suka gagari sauran magunguna, kuma ƙari ake yi a kansu, ba a ajiye su. Tsakaninsa da ganyen kasko akwai nisan da ke tsakanin ƙwayar maganin zazzaɓin cizon sauro da jiƙon tazargade, ko da yake daga dangin tazargaden aka samo sinadarin a Sin a 1972. Ko man CBD da ake sayarwa a intanet ba abin dogaro ba ne: da aka gwada kala 84 a Amurka a 2017, ƙasa da kashi ɗaya cikin uku ne abin da ke ciki ya dace da abin da aka rubuta a jiki, an kuma sami THC a cikin 18.

Na ja magidancin zuwa ciki muka zauna. Na tambaye shi yadda yaron ke shan maganinsa. A nan ne zancen ya fito: idan kuɗi suka yanke ana yin kwana huɗu ko biyar ba a sha ba, wani lokaci a raba ƙwaya biyu don ta kai ƙarshen wata, kuma tun yaron yana shekara biyar ba a sake ɗora shi a kan sikeli an gyara awon ba. Yaro ya ƙara nauyi, magani yana nan inda yake. Hukumar Lafiya ta Duniya ta kiyasta cewa kusan bakwai cikin goma na masu farfaɗiya za su iya rabuwa da jijjiga da magungunan da muke da su a kanta, irin su kabamazafin da balfurowet da finobabiton, wanda ake amfani da shi tun 1912, in dai an dace da nau'in, an dace da awon, ba a kuma tsallake ba. Yankewa farat ɗaya kuwa tana iya jawo jijjigar da ba ta tsayawa, wadda ke kisa.

Idan kana da irin wannan majinyaci a gida, ka sami ɗan littafi ka riƙa rubuta ranar da ciwon ya tashi, da tsawon lokacin da ya ɗauka, da ko an sha magani a ranar, da ko akwai zazzaɓi ko rashin barci. In da hali a ɗauki bidiyonsa a waya, ya fi dogon bayani amfani ga likita. Ka zo da duk abin da ake ba shi, har da na gargajiya da na islamik kemis, ba za mu yi maka faɗa ba. Idan kuɗi ne matsalar ka faɗa tun maganin bai ƙare ba, sau da yawa akwai mai rahusa da likita zai iya sauyawa a hankali. Mace mai shan balfurowet da ke shirin ɗaukar ciki ta ga likita tukuna, kada kuma ta daina da kanta. Idan an gwada magani biyu yadda ya kamata ciwon bai lafa ba, ka nemi a tura ku wajen likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi a asibitin koyarwa, a can ne ake tantance nau'in, a can ne kuma maganar CBD za ta taso idan yaron yana cikin waɗanda ta shafa.

Shi dai magidancin na raka shi wajen likitan yara a ranar. Aka auna yaron, aka ƙara awon maganin, aka ba su mako shida su dawo da littafinsu.